Yadda ake magance taurin bayan gida ga yara a tsarin maganin gargajiyar Sin

Kuskuren da na fi gani wurin iyaye mata shi ne, da zarar sun ji an ce maganin Sinawa, sai su nemo wani shayi a kwali mai rubutun da ba mai iya karantawa, su jiƙa wa yaro. Cikin dare yaro ya kama murɗawar ciki, gari ya waye da gudawa, bayan kwana uku kashi ya sake taurara fiye da da. Likitan gargajiya a ƙasar Sin ba lallai ne ya fara daga ganye ba. Tun a zamanin daular Song, Qian Yi, wanda koyarwarsa kan cututtukan yara aka tattara a littafi a shekarar 1119, ya nuna cewa kayan cikin yaro ba su gama ƙwari ba, abu kaɗan ke birkita su. Don haka a nan da tausar hannu za mu fara, sai abinci, ganye ya zo daga ƙarshe.

Kafin komai, ki tabbata ba lamarin asibiti ba ne. Jaririn da ya yi awa 48 da haihuwa bai yi kashin farko ba, yaron da cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, mai koren amai, mai zazzaɓi, mai jini a bayan gida, ko wanda yake ramewa, duk ki kai shi likita ranar nan. Jariri mai shan nono zalla kuwa yana iya kwanaki bai yi ba, in dai ya fito da laushi kuma yana cikin walwala, ki ƙyale shi.

Mataki na farko, ki gane wane iri ne. Sinawa suna raba shi. Akwai na zafi: kashi ya bushe yana fitowa guntu-guntu irin na awaki, baki yana wari, fitsari ya yi ja, saman harshe ya yi rawaya, in kin danna ciki yaro ya ture hannunki. Akwai na taruwar abinci, wanda ake gani bayan yaro ya cika ciki da nama da soye-soye, da gyatsa mai tsami da ƙin cin abinci. Sai na rashin ƙarfi: kashin ba tauri sosai, amma yaro ya yi ta nishi har da gumi, ga shi fayau, ba kuzari. Wannan na ukun shi ne maganin wankin ciki ya fi yi wa illa.

Mataki na biyu shi ne tausar yara da suke kira tuina, kuma a nan kusan kowa ke ɓata aikin. Ki bari a yi kamar awa ɗaya da cin abinci. Ki yanke farce, ki ɗumama hannu, ki shafa ɗan mai. Ni man kaɗe na fi so, ba sai kin kashe kuɗi kan man tausa na kanti ba.

Ki kwantar da shi rigingine, ki ɗora tafin hannu ko yatsu huɗu a gefen cibiya, ki riƙa zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya. Dalili: babban hanji yana tasowa ne daga ƙasan ciki ta hannun daman yaro, ya haura zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ƙetare zuwa hagu, sannan ya gangara. Hannunki ya bi wannan hanyar. Abin da ke rikita mutane shi ne kina fuskantar yaron, damansa yana hagunki. Na sha ganin uwa ta fara daidai, yaro ya motsa, ta rikice ta koma murzawa a baibai ba ta lura ba. Dabara mai sauƙi: ki taɓa hannunsa na dama, a wannan ɓangaren hannunki zai riƙa hawa sama zuwa ƙirji, a ɗaya ɓangaren ya sauko. Minti uku zuwa biyar ya isa. Kada ki danna kamar mai kwaɓa fulawa, fatar ciki ta ɗan lotsa kawai. In yana kuka yana sandare ciki, aikin banza kike yi, ki dakata sai ya huce.

Daga nan ki kifa shi. Daga ƙugu zuwa ƙarshen ƙashin baya akwai ɗan gajeren layi da suke kira qijiegu. Da babban yatsa ko yatsu biyu, ki riƙa turawa daga sama zuwa ƙasa, sau 100 ko fiye. Ƙasa kawai. Ki ɗaga yatsa ki dawo sama, kada ki goga ki dawo. A tsarinsu turawa sama maganin gudawa ne, to mai gogawa sama da ƙasa tana ginawa tana rushewa. Sai ki murza ƙarshen ƙashin bayan a hankali kamar minti ɗaya. Akwai kuma na yatsa: gefen manuniya da ke kallon babban yatsa, ki tura daga gindinta zuwa kan farce. Sau ɗaya a rana, kwana biyar zuwa bakwai a jere, kuma ki ɗora shi a fo bayan karin kumallo, ƙafafunsa a dafe da ƙasa.

Mataki na uku, abinci. A gidajen Sinawa ana dafa faten shinkafa mai ruwa-ruwa da dankalin Hausa ko kabewa, a barbaɗa niƙaƙƙen baƙin riɗi. Duk muna da su a kasuwa. Ki ƙara ruwan sha, gwanda da alayyaho, ki rage biskit da burodi. Zuma a ruwan ɗumi suna ba wa manyan yara, amma wanda bai cika shekara ɗaya ba kada ta taɓa bakinsa, tana iya jawo masa cutar da ke shanye jiki har numfashi ya gagara.

Sai ganye. Na taruwar abinci, sanannen haɗinsu Bao He Wan ne na Zhu Danxi, likitan zamanin daular Yuan, mai ɗauke da 'ya'yan itacen shanzha masu tsami, 'ya'yan radish (wani kayan lambu mai saiwa kamar karas) da busasshen ɓawon lemo. Na bushewar hanji kuwa, wato na zafi, Ma Zi Ren Wan, wanda Zhang Zhongjing ya rubuta wajen shekara ta 200 miladiyya. Wannan yana da saiwar dahuang, mai tsananin wanke ciki, da kuma 'ya'yan tabar wiwi da aka sarrafa, abin da zai iya haɗa ki da hukuma in kin yi odarsa daga waje. Can ƙasar likita ne ke duba harshe da bugun jini, ya auna gwargwadon shekaru da nauyin yaro, ya tsayar da maganin da zarar ciki ya saki. In ba ki da irin wannan likita mai lasisi a kusa, ki bar haɗin nan. Ki duba jikin kwalin shayin Sinawa kuma: fanxieye filasko ne, juemingzi kuwa 'ya'yan tafasa ne. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ba ta yarda a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ganyen filasko ko saiwar dahuang ba.

In an yi mako biyu ana tausa da gyaran abinci ba canji, ko yaro ya fara ɓoye kashi don tsoron zafi yana ɓata wando, ki je asibiti. Akwai magungunan tausasa bayan gida irin su lactulose da likita ke rubuta wa yara, kuma shansu bai hana ki ci gaba da tausar ba.