Gyaran Tsohon Ɗakin Dutse: Azara, Silin da Daɓe

A garuruwa irin su Jos da Bukuru, inda aikin haƙar kuza ya bar gine-ginen dutse masu yawa, da sauran wuraren da dutse ya fi tubali sauƙin samu, za ka tarar da ƙaramin ɗaki a bayan gida wanda a da sito ne, ko barga, ko madafi. Bangon na nan daram, amma azara ta ruɓe, silin ya zazzago, ƙasa kullum a jiƙe. Irin wannan ɗaki yana gyaruwa, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na sabon gini ba. Sai dai a san abu guda tun farko: yawancin waɗannan bangaye da laka aka jera duwatsunsu, ko da farar ƙasar gini, kuma ta tsakanin duwatsun danshi ke fita. Duk gyaran da ya toshe wannan hanya, itace ne zai biya bashin.

Daga sama ake farawa a sauko: rufi, azara, silin, sannan daɓe. Wanda ya fara da daɓe don shi ne ya fi tsone masa ido, zai fasa shi da hannunsa ranar kafa matokarai. Lokacin aikin kuwa daga Nuwamba ne zuwa Maris, a rufe saman kafin hadarin farko.

Dubawa kafin a taɓa komai

A kwashe kayan ɗakin kaf, da safar hannu da takalmi mai rufi, domin kunama da maciji na son kafar dutse. Idan akwai kashin jemage, a yayyafa masa ruwa kafin shara, a kuma rufe hanci, saboda ƙurarsa na kawo ciwon huhu.

Sai bango. A rataya igiya mai nauyi a ƙarshenta daga saman kowace kusurwa. Bangon da karkatarsa ta wuce kashi ɗaya cikin shida na kaurinsa, misali santimita 7 ko 8 a bango mai kaurin santimita 45, ya fi ƙarfin kafinta, a nemo injiniya. Tsagar da aka gani a shafe ta da ɗan siririn filasta a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. In filastar ta tsage cikin makonni kaɗan, bangon yana motsi har yanzu, kuma ba a ɗora sabon nauyi a kan bango mai motsi.

A zagaya ta waje kuma. Tsohon gini yakan nutse cikin shara da ƙasar da shekaru suka tara, har waje ya fi ciki tudu. A rage ƙasar waje ta koma ƙasa da daɓen ciki da aƙalla santimita 15, a ba ta gangara ta nesanta ruwa daga gindin bango. Wannan aikin shebur ne na yini ɗaya, amma yana rage laimar ɗakin sosai.

Azara da katakon da ke ɗauke da rufi

Itace ba kasafai yake fara lalacewa daga tsakiya ba. Kan da ke binne cikin bango shi ke mutuwa, domin nan ruwa ke taruwa, nan gara ke shigowa ba a gani. Don haka kallo daga ƙasa bai isa ba. A hau tsani, a ƙwanƙwasa kowace azara da guduma: mai lafiya ƙararta a tsaye take, wadda gara ta ci kuwa sai ka ji kamar ganga. Sannan a soka sukundireba daidai inda itacen ya shiga bango, ta ƙasa da ta gefe. In ta nutse fiye da santimita ɗaya ba da ƙarfi ba, a cire dutse ɗaya ko biyu a duba kan sosai. A sa alama da alli: mai kyau, ta gyara, ta cirewa. Itacen da ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, cirewa ya fi.

A ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin rufin don ganin yadda ya lotsa. A rufin soro lotsawa ciwo ne mai ƙara kansa. Tsakiya ta yi kwari, ruwa ya kwanta, mai gida ya ƙara yaɓe don cike kwarin, nauyi ya ƙaru, azara ta ƙara lanƙwashewa. Ƙasa mai kaurin santimita 15 a kan murabba'in mita ɗaya ta kai kilo 250 tana bushe. Ɗakin mita 3 da 4 ke nan yana ɗauke da tan uku. Tsofaffin soraye da dama sun tara ninki biyu na wannan saboda yaɓen shekara da shekaru, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasar watan Agusta ta fi haka nauyi.

Kafin a zare ko da azara ɗaya, a tokare rufin. A shimfiɗa falanki mai kauri a ƙasa, a gicciya katako inci 2 da 6 a ƙarƙashin azarorin, a kafa matokarai tsakaninsu kowace mita ɗaya, a matse su da guntayen katako masu tsini. Manufar ita ce a riƙe rufin inda yake. Itacen da ya shekara arba'in a lanƙwashe ba zai miƙe da jak ba, sai dai ya karye ko ya ture saman bango.

Ana sauke ƙasar rufi daga sama, layi-layi, faɗin mita guda, ana zubarwa ƙasa nan take. Kada a tara ta a wani gefen rufin, kuma kada kowa ya tsaya a ciki yayin da ake yi. Manyan itatuwan da suka ratsa daga bango zuwa bango su ne ke ɗaure bangayen biyu, saboda haka ba a cire su gaba ɗaya: a cire ɗaya, a bar ɗaya, a maye gurbin na farko sannan a dawo kan na biyu. In rufin mai baka ne, wato bakan gizo, wannan bayani bai shafe shi ba. Aikin tsohon magini ne da ya gaji sana'ar, domin baka yana tura bango waje, kuma sauke nauyi daga gefe ɗaya kawai na iya kifar da shi.

Wajen sayen azara a natsu. Ta kirki daga ɓangaren waje na gindin tsohuwar giginya take, magina sun fi son ta namiji: baƙa-baƙa, mai nauyi, zarenta a cushe. Mai haske, marar nauyi, wadda farce ke shiga, daga ɓargon ciki aka tsago ta, kuma gara ba ta jin kunyarta. Azara ɗaya a ƙarƙashin rufin ƙasa ba a sake ta fiye da ƙafa 6, kimanin mita 1.8, ba tare da abin da ya tallafe ta ba. Magina na ƙara faɗin da tauyi, wato jera gajerun azarori su leƙo daga bango hawa-hawa, ko su gicciya azara a kusurwoyi. A ɗakin dutse mafi sauƙi shi ne a ratsa da babban itace ko ƙarfe a tsakiya, azarorin su kwanta a kansa daga gefe biyu.

Yadda kan itace ke zama cikin bango shi ne zuciyar aikin. Ya shiga aƙalla santimita 15. Ya zauna a kan faffaɗan dutse guda, ba a kan laka ko ƙananan duwatsu ba. A sa ɗan yankin leda mai kauri ko a shafa kwalta a ƙasansa inda ya taɓa dutsen, amma goshinsa a bar shi a buɗe, da tazarar yatsa ɗaya a baya da gefe don iska. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne a naɗe kan da leda gaba ɗaya ko a cike ramin da siminti. Ruwa zai sami hanyar shiga, ba zai sami ta fita ba, kuma itacen da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari ya fara ruɓa ke nan.

Idan katako ne babba kuma kansa kaɗai ya lalace, ana iya ceto shi. A tokare, a yanke ruɓaɓɓen wuri har a wuce shi da santimita 30 cikin lafiyayyen itace. A manna sababbin katakai biyu, ɗaya kowane gefe, masu faɗi daga sama zuwa ƙasa daidai da nasa, su shiga bango kuma su hau tsohon da aƙalla mita ɗaya. A ɗaure da noti mai kaurin milimita 12 da faffaɗan washa (zoben ƙarfen da ake sa wa noti), kowane santimita 25 zuwa 30, ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada su tsaga itacen a layi guda. Ƙusa ba ta wannan aikin. Azara kuwa ba a yi mata haɗi, zarenta tsagewa yake, sauya ta ake yi.

Jan katako mai nauyi irin maɗaci ko loko shi ya dace da ɗaukar kaya, kirya ma in an same ta miƙaƙƙiya. Farin katako mai laushi abincin gara ne. A shafa maganin itace irin Solignum sau biyu kafin a hau da shi, a fi ba wuraren da aka yanka da zarto ƙarfi. Baƙin mai da ake yawan shafawa yana taimakawa na ɗan lokaci, amma bai ratsa ciki, yana wari, kuma yana saurin kama wuta. Duk hanyar gara da aka gani a bango a bi ta har gindi a zuba magani, in ba haka ba sabon itace ma an kawo mata ne.

Wajen mayar da ƙasa, a shimfiɗa asabari ko zana a kan azara, a bi da jiƙaƙƙiyar laka santimita 5, ta sha iska, sannan a cike zuwa santimita 15, a ba ta gangara zuwa indararo, a rufe da makuba ko laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga. Indararon ya fita nesa da bango, kuma inda ruwansa ke sauka a shimfiɗa dutse. In rufin kwano ne, katakon da ke kwance a saman bango a ɗaure shi da langalanga da ta sauka cikin jikin bangon aƙalla santimita 60, domin iskar farkon damina rufin da aka aza kawai take ɗauka.

Silin

A ƙarƙashin rufin soro gara a bar azara a buɗe. Ta fi kyau, kuma ranar da yoyo ko gara suka fara, ido zai gani. Rufin kwano ne ke buƙatar silin, saboda zafi da ƙarar ruwa. Tsofaffin allunan silin masu launin toka da ke karyewa ƙwas, da yawansu na asbesto ne, ƙurarsu na jawo cutar daji a huhu. A jiƙa su, a zare ƙusa, a sauke su ɗungurungum, ba zarto ba guduma, a naɗe cikin leda. Sabon firam: katako inci 2 da 4 daga bango zuwa bango, a rataye shi daga katakon rufi in faɗin ya wuce mita 2.5, sai inci 2 da 2 kowane santimita 60. A daidaita shi da tiyon ruwa, kada a bi saman bango, don bangon dutse ba ya taɓa zama daidai. A bar ƙofar leƙawa santimita 60 da 60, da kafofin iska biyu masu raga a bangaye masu fuskantar juna, wayar wuta kuma ta bi cikin bututu saboda ɓera.

Daɓe

A fara haƙa ɗan rami a jikin bango don ganin inda harsashi ya tsaya. Na irin waɗannan ɗakuna sau da yawa bai da zurfi, kuma ba a haƙa ƙasa da shi ko kaɗan. In zurfin bai isa ba, a ɗaga daɓen sama. A kwashe tsohuwar ƙasa santimita 25, musamman in dabbobi sun zauna, domin gishirin fitsari ya ratsa ta, kuma shi ne farin garin nan da ke fitowa a gindin bango. A zuba tsakuwa manya marasa gari santimita 15, a daddage. Rashin garin ne ke hana ruwa hawowa.

Ga ɗakin kwana ko na ajiyar hatsi, daɓen gargajiya ya fi dacewa da bangon laka da dutse. A baza birji mai tsakuwa santimita 8 zuwa 10, a jiƙa, a yi ta bugu da madaɓi. A jiƙa makuba ta kwana, a riƙa yayyafa ruwanta ana sake bugu kullum har tsagogi su daina fitowa, fuskar ta yi duhu da sheƙi. A rufe ƙofa ya bushe a hankali, don iskar hunturu na farfasa shi.

In dole sai kankare, kamar shago ko ɗakin inji, a bi tsakuwar da yashi kaɗan, a shimfiɗa leda mai kauri, gefuna su hau juna da santimita 15, a zuba kankare santimita 10. Ma'auni: buhun siminti 1, kwanon gini 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ɗakin mita 3 da 4 zai ci buhu 7 zuwa 8. Gangara santimita 1 a kowace mita zuwa ƙofa, biyu in za a riƙa wankewa. Amma kada kankaren ya manne da bango. Danshin da leda ta hana fitowa gefe zai nufa, ya hau bango. A bar tazarar santimita 15 a zagaye, a cike ta da tsakuwa ko fale-falen dutse da aka zaunar a kan yashi. A rufe kankaren da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Tsakanin duwatsun bango inda laka ta zube, a ƙwaƙule zurfin santimita 2 zuwa 3, a jiƙa, a cike da irin abin da aka yi ginin da shi: laka, ko farar ƙasar gini kashi 1 da yashi kashi 3. A shafe da farar ƙasa, ban da fentin mai. Bango mai kauri yakan ɗauki rani guda kafin ya bushe, saboda haka buhunan hatsi a aza su kan katako, taƙi ɗaya daga bango, kuma bayan ruwan sama uku na farko a hau tsani a sake taɓa kan kowace azara.