Yadda Ake Jan Ayari Zuwa Kan Dutse Mai Kurmi Idan Turba Ta Ƙare

Tsaunukan Shere, waɗanda ke gabas da Jos da tazarar kimanin kilomita 10, su ne mafi tsayi a tudun Filato. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 sama da teku, alhali birnin kansa yana zaune ne a kan kusan mita 1,200. A gindinsu cibiyar horaswa da aka fi sani da Man O' War take, kuma masu yawon ƙafa na ƙarshen mako sun saba da turbobinsu. Sai dai a yankin da sauran sassan Filato akwai tuddan da turba ke kai mutum gindinsu ta ɓace, dole a kutsa cikin ciyawa da sarƙaƙiya kafin a kai kan da bishiyoyi suka rufe. Wanda zai ja mutane zuwa irin wannan wuri, yana kuma so a tafi ana hira ana dariya ba tare da kowa ya galabaita ba, ya sani cewa wahalar tafiyar tasa ce shi kaɗai, kuma tun kafin ranar zai sha ta.

Aikin farko shi ne ya je da ƙafarsa, mako ɗaya ko biyu kafin tafiyar, tare da mutum ɗaya ko biyu. Zai fara da gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, ya faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su, ya nemi izini, ya kuma tambayi halin da ake ciki game da tsaro a makon, domin labarin da aka ji wata guda da ya wuce ba ya amfani a irin wannan lamari. Akwai wani dalili kuma da baƙi ke yawan mantawa da shi: a wurare da dama na Filato, kurmin da ke kan dutse ya tsira daga gatari ne saboda mutanen wurin suna girmama shi a al'adarsu, kuma akwai ɓangarorin da ba a yarda baƙo ya taka ba. A nan ne za a roƙi a haɗa ayarin da ɗan gari, maharbi ko makiyayi wanda ya san inda aka ɗana tarko da inda zuma ta yi gida, a kuma yanke ladansa tun a ranar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina, wadda a Jos ke kamawa daga Afrilu har Oktoba, duwatsu na da santsi, kuma tsawa ba ta wasa da wanda ta samu a bisa tudu. Farkon Nuwamba ma gamba da ƙyasuwa sun fi mutum tsayi, ba ya ganin inda yake sa ƙafa. Rani na da nasa matsalar, wato gobarar daji da hazon hunturu, saboda haka idan aka hango hayaƙi a gefen da iska ke fitowa, a fasa kawai.

Batun adadi ba ya buƙatar dogon bayani. A ganina mutum shida zuwa takwas sun isa, domin da zarar an wuce goma, na gaba ba ya jin na baya, kuma kowace 'yar tsayawa sai ta ci minti goma sha biyar. A gaya wa kowa gaskiya tun a saƙon gayyata cewa akwai ƙaya, akwai rarrafe, kuma wandonsa mai yiwuwa ba zai dawo yadda ya tafi ba. Wanda ya ji haka ya janye ya taimaki ayarin.

Wajen lissafin lokaci, akwai ma'aunin da wani mai hawan dutse ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafin mutum mai ƙarfi ne a kan turba mai kyau. A cikin sarƙaƙiya, ayarin da ke tafiya a natse da ƙyar yake cin kilomita ɗaya a awa. Misali, idan turba kilomita 3 ce, kutsen daji kilomita ɗaya da rabi, hawan kuma mita 400, to a ware awa uku zuwa uku da rabi na zuwa, awa ɗaya na zama, da wasu awa uku na dawowa. Tun da rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida a Disamba, a tashi da bakwai na safe, a kuma sa ƙarfe ɗaya na rana ya zama lokacin juyawa, ko an kai kan dutsen ko ba a kai ba. A sanar da wannan ƙa'ida tun a bakin mota, domin idan aka bari sai ana hango ƙololuwa, kowa zai ce saura kaɗan.

Kowa ya sa dogon wando mai kauri da riga mai dogon hannu, takalmi mai rufe idon sawu, ya cusa ƙafar wandon cikin safa saboda kaska da ƙarangiya. Ya riƙe ruwa lita uku, da ƙarin gora ɗaya a ayari don alwalar azahar, da guzuri mara nauyi irin su dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da kilishi. Sanda, usur, tocila da 'yar rigar sanyi su ma kada a bar su, domin mai gumi idan ya zauna a inuwa iskar hunturu na kaɗawa, nan da nan yake fara rawar ɗari. Adda guda ɗaya ta isa, a hannun ɗan gari, kuma don ƙaya ce kawai, ba don sare bishiyoyin mutane ba.

A inda za a bar turba, ayari ya tsaya. Mai jagora ya sa alamar wurin a taswirar wayarsa (a sauke taswirar tun a gida, domin waya na iya nuna inda mutum yake ko babu sabis), ya kunna rikodin sawu, ya kuma duba kamfas, ko da irin wanda ake neman alƙibla da shi ne, ya rubuta kusurwar da aka nufa. Sannan a jera: ɗan gari a gaba, mafi rauni a bayansa domin shi ne zai tsara saurin kowa, mutum mai haƙuri da ƙwarewa a ƙarshe. A bar tazarar taku uku ko huɗu tsakanin mutum da mutum, saboda reshen da na gaba ya ture yana dawowa ne daidai idon na baya. A bi ƙashin bayan tudu maimakon kwari, domin a kwari ne ciyayi suka fi cunkushewa. Abu biyu za a nuna wa kowa tun a ƙasa: ƙerana, wadda farin ruwanta ke ƙona ido, da karara. Na taɓa ganin wani abokin tafiya ya kama igiyar karara don ya ja jikinsa sama, kwasfarta mai gashi ta goge masa wuya, ya ce, "Malam, wuta ce ta kama ni ko me?" Rabin awa muka yi a zaune yana susa, alhali da an nuna masa ita da safe da bai taɓa ta ba.

Kan dutse mai kurmi ba ya ba da abin kallo kamar Dala ko Kufena, inda mutum ke ganin gari shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Sau da yawa ba a gane an iso sai an lura cewa duk inda aka juya ƙasa gangarawa take yi. Gara a faɗa wa mutane haka tun farko, a kuma nemo musu wani falalen dutse a gefe, tun ranar leƙen farko, inda za a zauna a ci abinci ana hangen nesa.

Saukowa ce ke ɓatar da mutane, kuma dalilin a fili yake. Mai hawa duk ta inda ya bi, muddin sama yake yi, wuri ɗaya zai ƙare. Mai saukowa kuwa hanyoyi rarrabuwa suke yi a gabansa, kaucewar taku goma a sama tana iya zama kilomita biyu a ƙasa, a wani kwari dabam da ba inda aka ajiye mota ba. Ga gajiya, ga ciki ya cika, ga kowa yana ganin aiki ya ƙare. Saboda haka kafin kowa ya miƙe, mai jagora ya juya kusurwar da ya rubuta da digiri 180, ya gwada ta da sawun da waya ta ɗauka, ya ƙirga mutanensa. Yana da amfani ƙwarai a riƙa waiwaye tun ana hawa, domin dutse da bishiyar da aka wuce kamanninsu dabam ne idan aka tunkare su daga sama. Idan turbar da za a koma tana kwance a gindin dutsen, dabara ita ce a karkata da gangan zuwa gefe ɗaya, a ce dama, ta yadda idan aka faɗo kanta an san hagu za a juya. Wanda ya nufi daidai wurin ya kuskure, ba zai san ta wane gefe ya kuskure ba. Duk wanda ya daina ganin ayari ya tsaya cak inda yake, ya busa usur sau uku, ya jira.

Maciji kuwa, kububuwa da kasa ne abin tsoro, domin kwanciya suke yi ba sa gudu. Kada a sa hannu a ramin dutse, kada a tsallake gungume sai an leƙa bayansa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau; a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti. Tun ranar leƙen farko mai jagora zai binciko asibiti mafi kusa da ke da allurar dafin maciji, ya bar wa wani a gida sunan ƙauyen da lambar ɗan garin da lokacin da ake sa ran dawowa. Direban motar kuma ya zauna a gindin dutsen da wayarsa a kunne har sai an ƙirga mutum na ƙarshe ya shiga.