Yadda Ake Wanke Daɓen Siminti Na Gaban Shaguna Da Injin Feshin Ruwa

Daɓen gaban shago a Kaduna sau biyu yake shan dauɗa a shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana shimfiɗa masa jar ƙura, ƙafafun masu wucewa su danne ta cikin ƙofofin simintin. Da damina kuma, musamman a Agusta, duk inda rana ba ta kaiwa sai gansakuka ta kama, wurin ya yi kore ya yi santsi, har dattijo ko mai ciki su iya zamewa a bakin ƙofa. Ga baƙin man janareta, ga manjan mai abinci, ga tofin goro da cingam. Tsintsiya da bokiti ba sa fitar da waɗannan, shi ya sa masu filaza a titin Ahmadu Bello ko Barnawa ko Kawo suke neman mai injin feshi, irin wanda ake wanke mota da shi.

Injin nan yana gyara wuri, yana kuma iya lalata shi cikin minti kaɗan. Yawancin aikin shara ce da jiƙo da sabulu suke yin sa, feshi ƙarasawa ne. Wanda ya dogara da ƙarfin ruwa kaɗai, fatar daɓen zai kankare.

Inji da ruwa

Abu biyu ake dubawa a jikin inji: ƙarfin matsi, da yawan ruwan da yake fitarwa a minti. Don daɓe mai faɗi, nemi na fetur mai ƙarfin matsi kusan PSI 3,000, wato wajen bar 200 (PSI da bar ma'aunan matsi ne), wanda yake fitar da lita 12 zuwa 15 a minti. Ƙananan na lantarki da ake sayarwa don wanke mota a gida suna iya baranda guda, amma a gaban filaza yini za su ci maka, kuma idan aka ɗauke wuta aiki ya tsaya. A wurina yawan ruwan ya fi matsin muhimmanci, domin shi ne yake kora dauɗar da ta tashi.

Yi lissafin ruwa tun kafin ka faɗi farashi. Injin da yake shan lita 15 a minti, lita 900 ke nan a awa. Tankin lita 1,000 awa ɗaya da 'yan mintuna zai yi maka, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 kuwa ko minti biyu ba za ta kai ba. Idan wurin ba shi da burtsatse ko tanki a sama, jarka 40 ce take cika tanki ɗaya, kuma wani ne zai biya. Ku daidaita da mai wurin a kan wannan. Ka kuma sa matata a bakin tiyon da yake jan ruwa, domin yashin da yake kwanciya a gindin tanki yana cinye famfon inji.

Kan feshi, wato ɗan bakin da ake sawa a ƙarshen sandar feshi, launi-launi ne. Ja yana fitar da ruwa a tsaye kamar tsinke, kada ya kusanci siminti. Rawaya yana baza ruwa da faɗin digiri 15, na tabo mai taurin kai ne. Kore digiri 25, shi ne na yawancin aikin. Fari digiri 40, na ɗauraya. Baƙi na zuba sabulu ne, ba shi da matsi. Idan kana da hali ka sayi faifan wanke daɓe, wani zagayayyen murfi da kan feshi biyu suke juyawa a ƙarƙashinsa. Yana sauri, yana fitar da wuri launi ɗaya, kuma ba ya watsa laka a bangon mutane.

Zagaya wurin da mai shi

Kafin ka sauke inji, ku taka wurin tare. Tambaye shi: "Alhaji, yaushe aka zuba wannan daɓen?" Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kama ƙarfinsa, kuma ko bayan haka sabon daɓe na 'yan watanni buroshi da tiyo sun ishe shi. Sannan ka goga ƙasan takalminka a wurin. Idan yashi yana tashi, mai yiwuwa magini ya yi rowar siminti, kuma irin wannan daɓen yana da yawa a garin nan. Nuna masa tsagu da wuraren da suka fara ɓarewa, ka ɗauki hotonsu a waya. Nuna masa kuma tsohon tabon mai, ka gaya masa gaskiya cewa zai dusashe amma ba lallai ya ɓace ba. Maganar da aka yi kafin aiki ita take hana rigima lokacin biya.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan asuba kafin a buɗe shaguna, ko ranar Lahadi. A zafin Maris da Afrilu, da rana ta ɗaga sabulu yana bushewa a kan siminti kafin ya yi aikinsa.

Kwashe, share, toshe

A janye benci, tebur, janareta da rumfar mai POS. Duba ƙasa da kyau don wayoyin wuta da aka ja daga wannan shago zuwa wancan, a cire su daga soket a naɗe. Soket ɗin bango da mita a rufe su da leda. Sai a share da busasshiyar tsintsiya, a kwashe ledar ruwa da yashi a buhu. Duk abin da ka bari a ƙasa kwata zai faɗa, kwatar ta toshe, ruwan sama ya dawo da shi gaban shagon.

Ga wurin da mutane da yawa suke mantawa: ƙasan ƙofar ƙarfe. Tsakanin ƙofar shago da daɓe akwai tazara, wani lokaci yatsa biyu yana shiga. Bayan ƙofar kuwa ga buhunan shinkafa a jingine, ko kwalayen taliya, ko turamen atamfa a ƙasa. Feshi ɗaya da ya fuskanci ƙofar ya isa ya jiƙa kayan da kuɗinsu ya ninka ladan aikinka. Nannaɗe tsofaffin buhuna ko tsumma ka cusa a tazarar, ka danne da bulo, kuma duk aikin ka ba ƙofar baya kana feshi.

Kai ma ka shirya: takalmin ruwa, dogon wando, tabarau da safar hannu. Silifas ba na wannan aikin ba ne. Ruwan injin yana huda fata, ramin ya yi ƙanƙane a ido alhali datti ya shige ciki, kuma irin wannan rauni asibiti ake kai shi nan take. Injin fetur kuma a waje yake zama. Hayaƙinsa a rufaffen lungun filaza yana kisa, daidai da na janareta.

Kowane tabo da maganinsa

Nan ne ya kamata ka ba lokaci. Fara jiƙa wurin da ruwa zalla, sannan ka bi tabo ɗaya bayan ɗaya.

Baƙin mai da manja: idan man yana da danshi, zuba masa dusar katako, wadda ake samu wurin 'yan katako, ka tattake ta da ƙafa, in da hali ta kwana. Ka share, ka zuba sabulun cire maiƙo ko omo mai kauri, ka cuɗa da buroshi mai tauri, ka bar shi minti 10 zuwa 15. Ruwan zafi yana taimakawa ƙwarai, ko da buta biyu ce daga wurin mai shayi. Idan ka fesa mai kai tsaye ba tare da wannan ba, faɗaɗa tabon kawai za ka yi.

Gansakuka: bilic na gida, kashi ɗaya a cikin ruwa kashi uku. Yayyafa, bari ya yi kamar minti 10, kada ya bushe. Za ka ga koren ya koma ruwan ƙasa, alamar ta mutu ke nan. Feshi kaɗai samanta yake ɗaukewa, ba da jimawa ba ta dawo. Idan akwai furanni a gefe, shayar da su ruwa sosai kafin bilic da bayansa.

Jar ƙasa da tsatsa: jan marmarar Kaduna sinadarin ƙarfe ne yake ba ta launi, saboda haka bilic ba ya taɓa ta, haka ma tsatsar da ƙafar tebur ta bari. Sabulu da buroshi suna rage ta, abin da ya kama sosai kuma sai maganin cire tsatsa mai asid ɗin ogzalik, a bi umarnin da ke jikin robarsa. Kada bilic da asid su taɓa haɗuwa, ko a bokiti ko a ƙasa, domin iskar kulorin da suke fitarwa tana ƙona huhu. Ka gama da ɗaya, ka ɗauraye tas, sannan ɗayan. Masu zuba ruwan batir don wuri ya yi fari da sauri kuwa, simintin suke narkarwa, kuma bayan haka daɓen ya fi shan dauɗa.

Cingam a kankare shi da ƙarfen shafa fenti. Tofin goro omo da buroshi sun isa.

Feshin kansa

Haɗa tiyo, buɗe ruwa, danna kunamar bindigar feshi har iska ta gama fita ruwa ya zo a miƙe, sannan ka tayar da inji. Famfo ba ya son gudu babu ruwa. Haka kuma kada ka bar inji yana aiki fiye da minti biyu ba ka danna ba, ruwan da yake zagayawa a ciki yana zafi ya lalata robobin famfon. In za ka amsa waya, kashe shi.

Sa koren kai, ka gwada a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Riƙe bakin sandar kamar santimita 25 zuwa 30 daga ƙasa, a ɗan karkace. Idan dauɗa ta tashi siminti ya zauna lafiya, ka samu tazararka. Idan ka ga tsakuwa tana bayyana, ko ruwan ya yi fari kamar kunu, ja da baya ko ka koma farin kai.

Fara daga sama, wato bakin shaguna, ka gangara zuwa kwata. Raba wurin kashi-kashi, ka bi layin da magini ya tsaga. Kowane zuwa ya hau kan na baya da kusan rabi, tafiyar ta zama ɗaya, tazarar ta zama ɗaya. Kada ka riƙa wurga sandar hagu da dama daga wuyan hannu, domin a tsakiya tana kusa da ƙasa, a gefe tana nesa, kuma wannan ne yake haifar da zane-zanen da ba a gani sai wuri ya bushe. Kada kuma ka tsaya cak a kan tabo. Tabon da ya ƙi fita, koma masa da sabulu a karo na biyu. Mai faifai shi ma tafiyar hankali zai yi, in ya yi sauri zai bar zobe-zobe, sannan ya bi gefuna da sanda.

Sa yaro ɗaya ya tsaya yana tare masu wucewa, ko ka ja igiya. Da mutum ya matso, saki kunama.

Bayan kowane yanki, sa farin kai ka kora ruwan dauɗa kafin ya bushe a inda ka riga ka wanke. Ruwan da ya ɗauko baƙin mai kada ka tura shi kwata haka nan, magudanan garin nan kogin Kaduna suke nufa. Tare shi da yashi ko dusar katako a bakin kwatar, ka kwashe a buhu.

Idan intaloki ne

Filazoji da gidajen mai da yawa yanzu intaloki suke shimfiɗawa. Yashin da ke tsakanin duwatsun shi ne yake riƙe su, kuma feshi yana tone shi. Rage matsi, ƙara tazara, kada ka saita ruwan cikin tsagin. Duk da haka wani yashin zai fita, saboda haka sa kuɗin yashi a cikin farashinka tun farko. Bari wurin ya bushe sarai, yawanci zuwa washegari, ka zuba busasshen yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, ka share shi da tsintsiya ta kowace fuska har tsagun su cika. Gaya wa maigadi kada ya bar mota ta hau sai an gama cika yashin.