Daga Yamai zuwa Bakin Teku: Yadda Za Ka Ga Kunkurun Ruwa a Garan-Popo

Da farko ka tanadi katin shaida da na rigakafin shawara, ka hau mota zuwa Kwatano, a ƙasar Benin. Daga nan Garan-Popo ba nisa, yamma ne, dab da iyakar Togo.

Ka nemi ɗan jagora, ku shiga kwale-kwale da sassafe zuwa inda kogin Mono ke faɗawa teku. Yankin yana ƙarƙashin kariyar UNESCO tun 2017. Akwai ayu a ruwan, amma sai mai rabo ke ganinsa.

Kunkuru kuwa da dare take fitowa bakin teku, ta tona rairayi da ƙafafun baya ta zuba ƙwai. Kashe tocila, ka tsaya bayanta, kada ka taɓa.

Wanka kuwa, haƙura. Iyon da ka koya a kogin Isa ba ya aiki a nan, igiyar na ja.