Yadda za ka sa baki idan gwamnati ta nemi ra'ayi kan kare daji da namun dawa

Idan ma'aikatar muhalli ta fitar da daftarin doka ta ce jama'a su tofa albarkacin bakinsu, fara duba ranar rufe karɓar ra'ayi. Takardar da ta makara da wuya a waiwaye ta.

Ni dai ba na ɓata lokaci a gabatarwa, daɗin baki ne kawai. Taswirar yankin da za a kare nake nema, da sashen da ya jero abin da za a hana: kiwo, sarar itace, farauta, kamun kifi. A nan ƙura take tashi. Tun Disambar 2022 da ƙasashe suka amince a Montreal ta Kanada cewa za su kare kashi 30 cikin ɗari na tudu da teku zuwa 2030, layin taswira ya daina zama abin wasa, domin mashaya ko gona na iya faɗawa ciki.

"Ban yarda ba" ba ta motsa jami'i. Ambaci lambar sashen, ka faɗi abin da idonka ya gani, sannan ka kawo mafita: sashe kaza ya rufe mashayar rani, a matsar da iyaka ko a bar wa dabbobi hanya. Haɗa da hoto mai kwanan wata. Masunta da mata masu ɗibar ganyen magani, waɗanda suka fi kowa sanin tsiron da ya yi ƙaranci, sau da yawa ba sa jin sanarwar. Same su ka rubuta bayaninsu da izininsu.

Karɓi shaidar miƙawa ka adana. In rahoto ya fito ba a taɓo batunka ba, kai kwafin wa wakilinka a majalisa.