Kurakuran da ake yi wajen ciyar da jariri

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne maganar ruwa. Sai ki ga jariri ɗan sati biyu ana ɗura mai ruwa da cokali wai ƙishi yake ji, alhali nonon uwa kusan kashi 87 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, kuma cikin nasa ɗan mitsitsi ne, duk cokalin ruwan da ya sha wurin nono ya tare, ga gudawa in ruwan ba tsafta. Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata 6. In zafi ake yi ki yawaita sa shi a nono kawai, ya wadatar.

Sai dakashi, wannan nonon farko mai kauri da ke fitowa rawaya-rawaya, wasu matsewa suke yi su zubar wai bai da kyau. Dan Allah a daina, shi ne rigakafinsa na farko, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Toh bayan wata 6 kuma nan ake sakaci, domin ƙwaƙwalwar yaro tana ninka girmanta a shekarar farko, kuma wajen wata 6 ɗin ne sinadarin ayon, wato sinadarin da ke ƙara jini, da aka haife shi da shi yake ƙarewa, nono kaɗai ba zai cike gurbin ba. Amma me ake ba shi? Hatsi tsululu a fida, ciki ya cika taf amma ba abin da ya shiga jiki, yaro ya tsumbure, jini ya yi ƙasa, a ce ai haka Allah ya yi shi. Ki dama da kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube ba, ki murƙushe ƙwai, kifi, hanta ko wake a ciki, sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 ki ƙara, nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Mai ba da madarar gwangwani, na san tsada, amma kar ki tsinka ta don ta daɗe, ki bi awon da ke jikin gwangwanin. Zuma kuwa sai ya cika shekara 1, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.