Yadda Ake Duba Majinyacin da Ba Yarenku Ɗaya Ba

Asibiti a Arewa ba ya zaɓen baƙo. Yau Bafulatana daga ruga, gobe Babarbare, jibi ɗan kasuwa daga kudu. Ma'aikacin lafiya, kai ne za ka nemi hanyar fahimtarsu.

Fara da gaisuwa, ko da kalma biyu ce ta yarensu. Ba dattijuwa kujera, ka kira ta Inna, kafin ka ɗauki biro.

Sai tafinta. A nemo babba, in majinyaciya ce a samo mata mace. Don Allah kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa zancen jinin al'ada ko ciwon mara, domin kunya za ta sa ta haɗiye rabin bayanin. In kana magana, majinyaciyar za ka fuskanta, ka riƙa tsayawa tafinta ta isar.

Na uku, kada ka auna ciwo da kuka. Tarbiyyar pulaaku ta gina Bafulatana kan haƙuri da kunya, tana tsakiyar naƙuda za ta ce maka da sauƙi. Dubi gumin goshinta da yadda ta damƙe ƙarfen gado, ka auna bugun jininta.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin ɓarna: tambayar abin da aka sha a gida. Cikin sanyin murya ka ce, "Inna, me aka jiƙa miki kafin ki zo?" Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciya ta wahala. Amma ranar da ka daka wa mai jego tsawa, daga ranar an daina gaya maka gaskiya. Kira uwar miji ko ungozoma, tunda kunun a hannunsu yake, ku yi shawara.

Wajen ba da magani, ɗaure shi da lokacin da mutum ya sani. Ga Musulmi, sau uku ya zama asuba, azahar da kwanciyar barci. Ga wani kuma, tashi da safe, tsakar rana da dare. Ka tambaya ko yana azumi.

Kada ka tsaya a "kin gane?", kowa eh zai ce. Miƙa mata ƙwayoyin, ta nuna maka nawa za ta sha kuma yaushe. In ta rikice, ka sake bayani da wasu kalmomi kafin ta tashi.